Janar Sir Edward Nicolls (1779–1865): Sojan da Ya Yaƙi Bauta

1.0 Gabatarwa

Edward Nicolls hafsa ne a rundunar sojan Birtaniya da ake kira Royal Marines, wato dakarun kundumbala waɗanda ke tafiya cikin jiragen ruwan yaƙi, amma su sauka su yi faɗa a tudu. Ya yi shekara 40 yana aikin soja, ya sha raunuka masu yawa, har abokan aikinsa suka yi masa laƙabi da sarkin faɗa. Sai dai abin da ya fi sa masana tarihi waiwayar rayuwarsa shi ne ƙiyayyar da ya yi wa bauta, da kuma alkawuran da ya ɗaukar wa bayi da raunana da sunan gwamnatinsa, waɗanda ita gwamnatin ta ƙi cikawa. Wannan babi zai bi rayuwarsa daga haihuwa zuwa rasuwa, tare da nuna inda ta haɗu da tarihin kogin Kwara da gaɓar tekun da ta zama ta Nijeriya.

2.0 Haihuwarsa da Shigarsa Soja

An haifi Nicolls a shekarar 1779 a garin Coleraine da ke arewacin tsibirin Ailan. Mahaifinsa, Jonathan Nicolls, jami'in karɓar haraji ne a garin, mahaifiyarsa kuwa, Anna Cuppage, 'yar wani limamin coci ce. Saboda haka ya tashi a gida mai riƙo da addinin Kirista na ɗariƙar Furotesta, a zamanin da wasu malaman coci a Birtaniya suka fara wa'azi a kan cewa mallakar ɗan Adam zunubi ne. Ya yi karatu a Coleraine, daga baya kuma a wata makaranta kusa da Greenwich a gefen Landan.

A shekarar 1795, yana ɗan shekara 16, aka ba shi muƙamin ƙaramin Laftana. Rundunar da ya shiga tsohuwa ce, domin asalinta yana komawa zuwa shekarar 1664. Aikin dakarunta ya kasu uku: kiyaye doka a cikin jirgi don kada matuƙa su yi bore, harbin abokan gaba idan jirage suka matso kusa da juna, da kuma sauka a ƙananan kwalekwale don kai farmaki a tashoshin ruwa da tsibirai. A lokacin Birtaniya tana cikin dogon yaƙinta da Faransa, wanda bai ƙare ba sai a 1815, don haka matashin bai rasa fagen gwada kansa ba.

3.0 Shekarun Yaƙi da Faransa

Sunan Nicolls ya fara fita ne a watan Nuwamba na 1803, sa'ad da yake aiki a jirgin yaƙin Blanche a tekun Karebiyan. Wani ƙaramin jirgin Faransa mai suna Albion ya fake a ƙarƙashin igwogin tashar Monte Cristi, ɗauke da mutum fiye da 40. Da dare ya yi, Nicolls ya ja kwalekwale da mutum 13 suka hau jirgin. Shi da kyaftin ɗin Faransawan suka harbi juna a lokaci guda. Kyaftin ya mutu nan take, shi kuwa harsashi ya same shi a ciki, ya bi ta ƙarƙashin fata ya tsaya a hannunsa. Duk da wannan rauni sai da suka janye jirgin daga tashar. An ba shi kyautar takobi ta fam 30, amma wani hafsan sojan ruwa da bai yi abin da ya kai nasa ba ya sami ta fam 50. Wannan yana nuna matsayin da rundunarsa take da shi a wancan zamani: ita ke shiga gaba, wasu ke kwashe yabo.

Bayan wannan ya halarci harin da aka kai tsibirin Curaçao a 1804, ya zama Kyaftin a 1805. A 1807 yana cikin jirgin Standard lokacin da jiragen Birtaniya suka kutsa mashigin Dardanelles na Daular Usmaniyya, kuma a shekarar ya shiga yaƙin da aka kai Iskandariyya ta ƙasar Masar. A 1809 ya jagoranci dakarun da suka ƙwace tsibirin Anholt daga hannun Denmak, aka bar masa riƙon tsibirin na ɗan lokaci. A wannan shekarar ce ya auri Eleanor Bristow, sannan a 1810 aka ɗaga shi zuwa Manjo.

4.0 Aikinsa a Filorida

A 1812 yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Amurka. Da yake yawancin sojojin Birtaniya suna fama da Napoleon a Turai, sai shugabanninta suka nemi mataimaka daga cikin mutanen da Amurka ta zalunta. Rukuni na farko su ne baƙaƙen bayi na gonakin kudu. A watan Afrilu na 1814 babban kwamandan jiragen Birtaniya a yankin, Alexander Cochrane, ya yi shelar cewa duk wanda ya gudo za a karɓe shi, ko ya shiga soja ko a kai shi wata ƙasar Birtaniya ya zauna a matsayin ɗa. Rukuni na biyu su ne 'yan asalin ƙasar, ƙabilun Creek da Seminole. Janar Andrew Jackson ya karya lagon mayaƙan Creek a watan Maris na 1814, sannan a watan Agusta ya tilasta wa ƙabilar sa hannu a kan yarjejeniyar da ta raba ta da ƙasa fiye da eka miliyan 20. Waɗanda suka tsira suka kwararo Filorida, wadda a lokacin mallakar Sifen ce, cikin yunwa da tsiraici.

Nicolls aka tura don ya haɗa waɗannan mutane ya mai da su runduna, aka ba shi muƙamin Laftana Kanar na wucin gadi. Ya isa a watan Agusta na 1814 da dakaru kimanin 100, ya sauka a Pensacola, ya shiga raba makamai da abinci da tufafin soja. Ta fuskar yaƙi aikin bai yi nasara ba. Ya aika wa ɗan fashin teku Jean Lafitte takarda yana neman goyon bayansa, Lafitte ya miƙa takardar ga Amurkawa. A watan Satumba aka kai hari a kan ganuwar Fort Bowyer da ke bakin mashigin Mobile, harin ya watse, jirgin Hermes ya ƙone, shi kuma Nicolls ya rasa ganin idonsa na dama. A watan Nuwamba Jackson ya kore su daga Pensacola, sannan a ranar 8 ga Janairu, 1815, ya yi wa sojojin Birtaniya mummunan kaye a New Orleans.

Nicolls ya koma wani tudu da ake kira Prospect Bluff a bakin kogin Apalachicola, inda aka gina ƙaƙƙarfar ganuwa mai igwogi. Nan ne ɗaruruwan bayi da suka gudo daga Amurka da kuma garuruwan Sifaniyawa na Filorida suka taru, maza da mata da yara. Cochrane da sauran manya sun ɗauki 'yantar da bayi a matsayin dabarar yaƙi, amma Nicolls ya ɗauke ta a matsayin aƙida. Ya horar da mazan kamar sauran sojojin Sarkin Ingila, ya riƙa karantar da su cewa su 'ya'ya ne, ba dukiyar kowa ba. Da iyayengijinsu Sifaniyawa suka aiko a mayar musu da su, ko da yake Sifen ƙawar Birtaniya ce, sai ya bar wakilinsu ya yi magana da mutanen, amma ya hana a tafi da kowa da ƙarfi. Ƙalilan ne suka yarda suka koma.

5.0 Alkawari da Abin da Ya Biyo Baya

An sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu a birnin Ghent a ranar 24 ga Disamba, 1814, amma labarin bai iso Filorida ba sai bayan makonni. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya tanadi cewa Amurka za ta mayar wa ƙabilun da take yaƙi da su haƙƙoƙi da ƙasashen da suke da su a 1811. Nicolls ya fassara wannan da cewa ƙasar da Jackson ya ƙwace ta koma hannun masu ita. Amurka ta ce sashen bai shafi Creek ba, domin ta riga ta yi sulhu da su tun kafin Ghent. A watan Maris na 1815 Nicolls ya tara sarakunan Creek da Seminole suka ƙulla yarjejeniyar ƙawance da Birtaniya, ya kuma riƙa aika wa jami'in Amurka mai kula da ƙabilun, Benjamin Hawkins, takardun gargaɗi. Duk wannan ya yi shi ne ba tare da izinin Landan ba.

Da umarnin janyewa ya zo, an kwashe wasu daga cikin 'yantattun bayin zuwa tsibirin Tirinidad. Sauran kuwa ya sallame su da takardun shaidar aiki, ya bar musu ganuwar da igwoginta da bindigogi da albarushi mai yawa. Ya tafi Ingila tare da wani shugaban Creek mai suna Josiah Francis, don ya gabatar da kukan mutanensa da bakinsa. Sakataren yaƙi da ƙasashen mallaka, Lord Bathurst, ya ƙi amincewa da yarjejeniyar. Birtaniya ta gaji da yaƙi, kuma cinikin auduga da Amurka ya fi mata amfani a kan ƙawancen mutanen da ba su da ƙasa. Da jakadan Amurka John Quincy Adams ya kai ƙara, Bathurst ya tabbatar masa cewa abin da Nicolls ya yi gaban kansa ne. Nicolls ya sauki Francis a gidansa, ya ɗauki nauyinsa daga aljihunsa, har gwamnati ta sallami baƙon da 'yan kyaututtuka.

A can bakin Apalachicola kuwa, mutum fiye da 300 suka ci gaba da zama a ganuwar da kewayenta, suna noma, suna karɓar duk bawan da ya gudo. Masu gonakin Jojiya suka ga cewa muddin wannan wuri yana nan bayinsu ba za su zauna ba. A watan Yuli na 1816 sojojin Amurka a ƙarƙashin Kanar Duncan Clinch, da wasu mayaƙan Creek masu goyon bayansu, da jiragen igwa biyu, suka tsallaka cikin ƙasar Sifen suka kewaye ganuwar. Mazaunanta, a ƙarƙashin shugabansu Garçon, suka ɗaga tutar Birtaniya suka ƙi miƙa wuya. A ranar 27 ga Yuli wani harsashin igwa da aka gasa a wuta ya faɗa rumbun albarushi. Fashewar ta kashe mutum wajen 270, yawancinsu mata da yara. Aka kashe Garçon, aka mayar da waɗanda suka rayu cikin bauta. Josiah Francis ma, bayan komawarsa gida, an yaudare shi ya hau wani jirgin Amurka da ya ɗaga tutar Birtaniya, Jackson ya sa aka rataye shi a 1818.

Hausawa suna cewa alkawari kaya ne. Nicolls ya ɗauki kayan da zuciya ɗaya, amma ba shi da ikon kai su masauki, kuma albarushin da ya bari don kariya shi ne ya zama ajalin waɗanda ya bar wa.

6.0 Ascension da Fernando Po

Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta fataucin bayi a 1807, ta kuma ware jiragen yaƙi da ke sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma suna kama jiragen bayi. Ragowar aikin Nicolls ya kasance cikin wannan sintiri. Daga 1823 zuwa 1828 shi ne kwamandan tsibirin Ascension, wani busasshen dutse a tsakiyar tekun Atlantika, inda jiragen sintirin ke zuwa ɗaukar guzuri da sauke marasa lafiya. Babbar matsalar wurin ita ce ruwan sha. Ya gyara hanyar da ke hawa dutsen da ake samun ruwa da ganye, ya faɗaɗa gona da kiwo don ciyar da ma'aikatan jirage.

A 1829 aka naɗa shi shugaban sansanin Birtaniya a tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Kyaftin William Owen ne ya kafa sansanin a 1827, ya sa masa suna Clarence, inda birnin Malabo yake yanzu. Dalilin kafa shi a fili yake. Yawancin jiragen bayi ana kama su ne a bakin kogunan Bonny da Kalaba da Kamaru, amma kotun da ke yanke musu hukunci tana Saliyo, tafiyar makonni ana fama da iska. Bayi da yawa kan mutu a hanya bayan an ce an cece su. Fernando Po kuwa tana daf da waɗannan koguna, saboda haka aka yi niyyar mai da kotun can.

Zazzaɓi ya yi wa sansanin ɓarna. Da yawa daga cikin dakarun da suka zo da Nicolls suka mutu cikin 'yan watanni, shi ma sai da ya koma Ingila jinya a 1830 kafin ya dawo. Ya sa aka sare daji, ya zaunar da bayin da aka 'yanta, ya ƙulla hulɗa da sarakunan gaɓa, ciki har da na Kalaba, yana jan su ga cinikin manja maimakon na mutane. Halinsa na Filorida bai sake ba. Da bayi suka gudo cikin kwalekwale daga tsibiran Sao Tome da Principe na Fotugal, hukumomin can suka nemi a mayar da su, ya ƙi. A 1833 ya shawo kan sarkin Bimbia, a gaɓar Kamaru, ya sa ƙasarsa ƙarƙashin kariyar Birtaniya, nan ma Landan ta ƙi amincewa. Tun a 1832 gwamnati ta riga ta ba da umarnin rufe sansanin, saboda tsada da yawan mace-mace, da kuma dagewar Sifen a kan cewa tsibirin nata ne. Haka aka sake sa shi ya kwashe sojoji ya bar 'yantattun bayi a baya, sai dai a wannan karo garin ya rayu a hannun 'yan kasuwa.

7.0 Alaƙarsa da Tarihin Kogin Kwara

A zamanin da Nicolls yake Fernando Po ne Turawa suka gano inda kogin Kwara ke shiga teku. Richard Lander, baran Kyaftin Clapperton wanda ya rasu kusa da Sakkwato a 1827 a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ne ya bi kogin tare da ƙanensa John daga Busa har bakin teku a 1830. A 1832 wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird ya shirya jirage masu aiki da tururi don hawa kogin tare da Lander. An sa wa ɗaya suna Quorra, wato Kwara, ɗayan kuma Alburkah, daga kalmar albarka. Cikin Turawa 48 da suka yi tafiyar, 9 kawai suka rayu. Fernando Po ita ce mafakar waɗannan matafiya, kuma da aka harbi Lander a yankin bakin kogin a farkon 1834, can aka kai shi, ya mutu a hannun Nicolls a watan Fabrairu.

Laird ya auri 'yar Nicolls, Eleanor, a 1837. Shi ne daga baya ya ɗauki nauyin jirgin Pleiad wanda Dakta William Baikie ya hau Binuwai da shi a 1854, tafiyar da shan kwinin ya sa ba a rasa rai ko ɗaya ba. John Beecroft kuwa, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Nicolls a tsibirin, ya zama ƙaramin jakadan Birtaniya a gaɓar a 1849, kuma yana da hannu dumu-dumu a harin da aka kai Legas a 1851, shekara goma kafin Birtaniya ta mallake ta. Ke nan tafarkin da Nicolls ya share don hana fataucin bayi, shi ne mutanen da suka biyo bayansa suka bi har ya kai ga mulkin mallaka.

8.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Nicolls ya koma Ingila ya yi ritaya a 1835. An ƙiyasta cewa ya shiga faɗa sau 107. An karya masa ƙafar hagu, an raunata ta dama, an harbe shi a ciki da hannu, an sare shi da takobi a ka, an soke shi a ƙirji, ga kuma idon da ya rasa. Bayan ritaya aka ci gaba da ɗaga muƙaminsa bisa al'adar sojan Birtaniya, har ya kai cikakken Janar a tsakiyar shekarun 1850. A 1855 Sarauniya Victoria ta ba shi lambar girma wadda ta sa ake kiransa Sir Edward. Ya rasu a gidansa da ke Blackheath a Landan a ranar 5 ga Fabrairu, 1865, 'yan watanni kafin a soke bauta a tsarin mulkin Amurka.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa rayuwar Nicolls tana da fuska biyu da ba a iya raba su. Mutum ne mai gaskiya a aƙidarsa, wanda sau da yawa ya ƙi miƙa bawan da ya gudo ko da hakan zai ɓata masa da manyansa. Kuma hafsa ne na daula mai bin maslaharta, wadda ke amfani da raunana lokacin yaƙi ta yasar da su lokacin sulhu. Laifinsa shi ne ya yi magana da bakin gwamnati alhali bai mallaki zuciyarta ba, kuma mutanen Prospect Bluff ne suka biya kuɗin wannan kuskure da rayukansu. Mai nazarin tarihin mutum yana bukatar ya auna niyyar mutumin, ya auna ikon da yake da shi, sannan ya dubi abin da ya sami waɗanda suka dogara da shi.

Tambayoyi

1. Bayyana ayyukan rundunar da Nicolls ya shiga a 1795.
2. Me ya sa gwamnatin Birtaniya ta ƙi amincewa da yarjejeniyar da ya ƙulla da ƙabilun Creek da Seminole?
3. Kawo dalilan kafa sansanin Fernando Po da dalilan rufe shi.
4. Tattauna yadda aikin hana fataucin bayi ya share fagen mulkin mallaka a gaɓar Nijeriya.